Burbushi a Aljihun Joyce

Kwana uku da dawowar Joyce daga Yukren, inda yaƙi ya katse mata karatun likita, uwarta Saloma ta ji labarin da ya hana ta sakat. Tana tankaɗen garin dawa a tsakar gidansu da ke Zuru, rediyon marigayi mijinta, tsohon soja, yana ta surutu a kan turmi. Sai mai labarai ya ce motocin yaƙi sun bi ta kusa da wata tsohuwar tashar nukiliya da ta taɓa fashewa shekarun baya, sun tayar da ƙasa, ana fargabar burbushin nukiliya ya bi iska. Wai wanda ya shaƙa ko ya haɗiya, ciwon ba ya nunawa nan take.

Saloma ba ta san nukiliya ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Amma burbushi fa, wa zai gaya mata? Shekara ashirin tana sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwa. Ta san halinsa sarai: ya shige aljihu, ya lafe a bakin ɗinki, ya yi wata guda ba wanda ya sani.

Da Joyce ta fita gaishe-gaishen dangi, sai Saloma ta ɗauko ƙatuwar rigar sanyin da yarinyar ta dawo da ita, mai nauyi kamar bargo. Ta juye aljihun a kan faifai. Ai kuwa sai ga shi ya zubo, ja-ja, ya kai cikin cokali. Kafin ta nemo murfi, jar kazarta, wadda Allah bai ba ta kunya ba, ta kai baki ta tsince rabi.

Saloma ta tsaya tana kallon kazar, sai dabara ta faɗo mata. Ta ɗaure ta a gindin gwaba, ta juye sauran burbushin a gwangwanin tumatir ta tura ƙarƙashin gado. In kaza ta rayu, 'yarta za ta rayu. In kuwa ta faɗi, to wannan ba ta yarda ta ƙarasa tunaninsa ba.

Haka aka kwana shida. Ta dubi kaza, ta dubi Joyce. Yarinyar ta rame, wuya duk ƙashi, kuma Saloma ta riga ta yanke cewa aikin burbushi ne. Amma ko da wasa ba ta gaya wa Joyce ba. Ita kuwa kaza sai ƙiba take yi abinta, har da ƙwai a rana ta biyar.

Ranar Asabar da hantsi Joyce ta gaji da gani.

"Mama, wai mi kazar nan ta yi miki?"

Saloma ta yi ta kame-kame, daga bisani ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin, ta riƙe shi nesa da jikinta, ta faɗi komai. Joyce ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Mama! Wancan burbushin ido ba ya ganinsa, sai da na'ura. Kuma garin da muke karatu da tashar nan ya fi nan da Sakkwato nisa. Da muka gudu ma, baya muka ba ta."

"To wannan na mine ne, ɗiyata?"

Joyce ta karɓi gwangwanin ta leƙa. Dariyar ta ɗauke.

"Burodi ne," in ji ta a hankali.

Sai ta zauna a bakin turmi ta faɗi abin da ta ɓoye tun dawowarta. Kwana huɗu suka yi, ita da sauran masu gudu, a layin bakin iyaka, cikin sanyi, da burodi guda ɗaya a aljihu. Ba ta fito da shi, don kada ido ya gani rai ya so. Hannu take sawa ta mintsini kaɗan ta kai baki.

Saloma ta tuna wayar da suka yi a waɗannan kwanaki. Sau uku tana tambaya ko sun ci abinci, sau uku Joyce tana cewa, "Mun ci mun ƙoshi, Mama." Ita kuma ta yarda, ta yi wa Allah godiya, ta koma kan tuwonta. Tausayi da kunya suka rufe ta lokaci guda.

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta kwance kazar, ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa maƙwabcinsu kira.

"Malam Talle! Don Allah zo da wuƙarka."

"Mama, ai tana ƙwai," in ji Joyce.

"Ta ci miki burodi," in ji Saloma, tana hura wuta. "Ke dai zauna."