Gwangwanin Almustafa

Bakin shebur ya daki wani abu a ƙarƙashin saiwa, ƙwal! Jibirilla ya dakata.

"Ka samo mana zinariya ne?" in ji Bachir, direban gidan, mutumin Maraɗi, wanda ya zo taya haƙa amma ya fi daɗewa a inuwa.

Jibirilla shi ne mai kula da lambun gidan. Tun da hantsi yake kewaye bishiyar gar ɗin nan da rami, wadda ake tsinkar ganyenta ana jefawa a shinkafa. An sayar da gidan na unguwar Suwaidi a Riyadh, gobe masu rusau za su shigo. Ɗan maigida ya ce a bar ta, a sayi wata. Jibirilla ya yi ta roƙo har aka ce masa, "Khalas, shi ke nan, kai ta sabon gida a unguwar Naseem. In ta mutu, ruwanka."

Ya durƙusa ya share ƙasa da yatsu. Tsohon gwangwanin madara ne, tsatsa ta cinye shi, babbar saiwa ta ratsa ta cikinsa ta yi ƙasa.

Nan take ya gane. Yayansa Almustafa ne ya dasa bishiyar, a makon da Jibirilla ya sauka Riyadh, shekara goma sha huɗu ke nan. Ya yanke gindin gwangwanin ya binne ta da shi, yadda babansu yake dasa mangwaro a Gumel. "Kar ta ji an raba ta da ɗakinta," ya ce yana dariya, hannunsa duk laka.

Shekara shida da rasuwar Almustafa. A maƙabartar Naseem aka binne shi, inda ba a rubuta suna. Sau biyu Jibirilla ya je yana ƙirga layukan kaburbura, ya dawo bai tabbatar ba. Wannan bishiyar kaɗai ce yake iya nunawa ya ce, ga inda hannun Yaya ya taɓa.

"Malam, ɓamɓare gwangwanin saiwa ta sha iska," in ji Bachir. "Ni ma fa ɗan manomi ne."

"Ɗan manomin da bai san rana ba?"

"Rana ce ta koro ni daga Maraɗi!"

Jibirilla ya gwada ɓamɓarewar. Ƙarfe da saiwa sun zama abu ɗaya, sai dai a yanke. Ya mayar da wuƙa aljihu. Suka naɗe gindin da jiƙaƙƙen buhu, ƙasa da gwangwani da komai, suka ɗora a bayan motar a-kori-kura da nishi.

Jibirilla bai shiga gaba ba. A baya ya zauna ya rungume bishiyar, ganyen na goga masa fuska, ƙamshin na cika masa hanci.

Da suka iso Naseem, doguwar katangar maƙabarta ta bayyana a gefen titi. Jibirilla ya ƙwanƙwasa rufin motar.

Bachir ya leƙo ta taga. "Ta karkace ne?"

"A'a, tana nan daidai. Ka dai rage gudu, har mu wuce katangar nan."