Dokar da Na Kafa Ta Hau Kaina

Likita ta ce ba za su yi mini aikin gwaiwa ba sai na ba da sunan wanda zai ɗauko ni daga asibiti, ya kuma kwana a gidana. In babu, a ɗaga aikin sai bayan hunturu. Ni kuwa tafiya ma sai ina tale ƙafa. Matata ta rasu, ɗana yana Kanada. Saura maƙwabta.

To a benenmu na birnin Trondheim ba a ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa haka kawai. Ko a lifta aka haɗu, kowa takalminsa yake kallo. Duk abin da ya taso, a zauren waya na 'yan bene ake faɗa, kuma ni Halvard nake shugabancin zauren tun da na yi ritaya daga aikin haraji. Ni na rubuta dokokinsa, ina ji da su kamar ɗan fari. Ba a saka linki tsirara, sai mutum ya haɗa da bayaninsa. Ba siyasa, ba addini, ba zancen ciwo. Na goge hoton kumburarriyar ƙafar wata tsohuwa, na goge gardamar wani maƙwabci Steinar kan harbin kyarkeci. Har mataimakiya na horar, Torunn ta hawa na uku, tsohuwar direbar bas, na koya mata cewa aikin nan ba sani ba sabo.

Na zauna zan rubuta roƙo, yatsa ya ƙi. Ina dattijo mai furfura zai rubuta gwaiwa a gaban bene guda? Sai wata dabara ta zo mini, irin ta wawaye. Na saka linkin shafin asibiti inda aka yi bayanin cewa majinyaci yana bukatar ɗan rakiya, ban ƙara ko harafi ba. Na ce mai hankali zai gane.

Kofina bai huce ba aka goge linkin. Saƙo ya biyo baya, da kalmomin da na tsara da hannuna: "Maƙwabci na gari, abin da ka saka ya saɓa wa ƙa'ida." Wanzami dai ba ya son jarfa. Na ji haushi, na ji kunya, daga baya tsoro ya kama ni sosai, don asibiti suna jiran suna.

Ranar Asabar aka yi aikin gayya na share ganyen kaka. Na fito da manjagara ina lallaɓawa. Torunn tana bakin tebur tana toya waina, tana ɗora mata jan cuku.

"A'a, Shugaba da kansa! Doka biyu ka taka a saƙo ɗaya. Ko Steinar bai taɓa wannan bajinta ba."

"Kuskuren yatsa ne."

"Yatsan ne ya sa kake tafiya kamar agwagwa?"

Na ce ƙugu ne, sanyi ne, tsufa ne. Ta bar ni na gama kame-kamena.

"Ni fa kafin in goge abu sai na buɗe na karanta," in ji ta. "Kai ne ba ka buɗewa."

Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba.

"Yaushe ne aikin?"

"Alhamis."

"To faɗa mana. Ga ni, ga ka."

"Ai kin riga kin gane."

"Na gane. So nake in ji."

Na dubi hagu, na dubi dama, kowa yana ta sharar gabansa. Na riƙe manjagara da hannu biyu.

"Torunn, ba ni da kowa. Ki taimaka ki zo ki ɗauko ni."

Torunn ba ta ko ɗaga kai ba. Ta naɗe waina a takarda ta miƙo mini.

"Kujerar falonka tana kwantuwa, ko in taho da katifata?"