Azumin Huda

Ramatu na riƙe da takalman Huda lokacin da ma'aikaciyar likita ta ɗora yarinyar a kan ma'auni. Kilo talatin da huɗu, ga yarinya 'yar shekara sha biyar. Matar ta dubi ma'aunin, ta dubi uwar.

A filin lakkol, makarantar bokonsu, Huda ta yanke jiki ta faɗi, ana tsaka da ɗaga tuta. Ramatu ta bar kaskon ƙosai a wuta ta sheƙo, tana cewa zazzaɓi ne. Da aka tambaye ta yadda cin abincin yarinyar yake, sai ta gyara tsayuwa, don nan ne inda bakinta ya fi zaƙi. Ɗiyarta mai ibada ce. Azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, ga na tsakiyar wata, ga ramuwar da ba ta ƙarewa. Duk unguwarsu a Mayahi da ita ake yi wa 'yan mata gori.

"To in an sha ruwa, mi take ci?" in ji ma'aikaciyar.

Ramatu ta shiga ƙoƙarin tunawa. Kwano ɗaya Huda ke ci da ƙannenta uku, kullum kuma fes yake dawowa. Wa ke ƙirga lomar wani?

Matar ta keɓe da Huda, ta daɗe, sannan ta fito ta gaya wa Ramatu a hankali. Abin ya faro ne wajen tela, gabanin Sallar bara. Ana auna Huda, wani ya ce a ƙaro yadi, buhun gero za a yi wa riga. Ƙawayenta suka ji, suka kai sunan lakkol. Matar ta ba Ramatu shawara ta ware wa Huda kwanonta, ta zauna kusa da ita ba faɗa, su dawo ranar Juma'a.

Matar ba ta faɗi wanda ya yi maganar ba, Ramatu ma ba ta tambaya ba. Daga bakin ita Ramatun ta fito. Wasa ta yi, don a wurinta ƙiba ado ce, kuma ta manta tun kafin su iso gida. Kunya da tsoro suka kama ta.

A gida ta dama fura ta zauna a bakin tabarma. Huda ta juya fuska bango.

"Inna, ina azumi."

"Yau Talata, ɗiyata."

Sai ga Iya maƙwabciyarsu ta shigo gaisuwa, riƙe da hannun jikarta Balkisu, 'yar kumatu mai shekara sha biyu. Ta sa wa Huda albarka, ta ce wahalar ibada ce, Allah na gani.

"Ke dai kin yi dace, Ramatu. Tun da nike ba wannan labarin Huda, ita ma ta ɗauka. Yau kwananta ukku."

Ramatu ba ta ce amin ba. Ta dubi bushewar leɓen Balkisu, ta tashi ta ɗauko ludayi na biyu.