Fararen Duwatsun Bariki

Ma'azu ne mutum na farko da ya rasu a sabuwar unguwa, shi ne kuma aka fara rufewa a kusheyinta.

Wurin tsohon barikin soja ne, a bayan garin Tawa, kan tudu. Da soja suka tashi, gwamnati ta yanka filin ta raba wa mutane, ta ce za ta kafa allunan hasken rana, waɗanda ake ce wa fano, a samu wutar da ba ta ɗaukewa. Wannan magana ce ta ɗauko Ma'azu daga cikin gari. Mai walda ne, ya gaji da zama bakin shago yana jiran kuran, wato wutar lantarki, ya dawo, ƙarfe na kallonsa yana kallon ƙarfe. Matarsa Balki ta ce masa wurin ba ruwa, ba inuwa, sai fako da dutse. Ya ce ai wuta na zuwa. Suka gina ɗaki da zaure, ya kawo injin waldarsa ya lulluɓe da tsohon bargo. Bazara ta zagayo wuta ba ta zo ba, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya tafi.

Mata ba su bin makara. Iyakar Balki ƙofar zaure, daga nan ta ga bayan maza sun nufi gabas da shi. Da suka dawo, Ciɗo, ƙanen Ma'azu, ya durƙusa bakin ɗakinta.

"Matar yaya, ki kwantar da hankalinki. Mun sa mishi alamar da ko daga nesa sai a gane ta."

Dutsen wannan ƙasa ta Adar duk iri ɗaya ne, ja mai duhu, kushewa na ɓacewa a cikinsa. Amma soja sun bar wasu duwatsu da suke jerawa bakin hanyoyin bariki suna shafa musu farar ƙasa. Su Ciɗo suka ga ba abin da ya fi su fita ido, suka kwaso, suka kewaye kabarin da su. Kowa ya yaba dabarar.

Balki na cikin takaba aka kawo motocin aiki. Mai shela ya zagaya ya ce daga meri, ofishin magajin gari, an ce duk mai wani abu a filin gabas ya zo ya nuna kafin a share. Ciɗo ya tafi ƙauyen Bambeye shuka, don ruwan fari ya sauka. Balki ta kira shi a waya.

"Fararen duwatsu ne fa," ya ce, tana jin iska na kaɗa maganarsa. "Wa za ya taɓa su? In na gama shuka ina nan tafe."

Abin da bai sani ba, an ce wa leburori su kwashe duk tarkacen da soja suka bari: tsofaffin ganguna, waya mai ƙaya, da fararen duwatsu. Hanatu ce ta gani, maƙwabciyar Balki, Kirista ce mai koyarwa a lakwal, makarantar boko. Ta shigo ko sallama ba ta gama ba, ta ce ta ga kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya fito daga gabas cike da duwatsun nan.

Balki ta ɗauki mayafi. Tsofaffin da ke taya ta zaman takaba suka tare ƙofa. Suka ce mai takaba ba ta shiga cikin maza tana ɗaga murya, suka ce wannan aikin maza ne, za a aika. Aka aika wa liman, aka ce ya tafi kasuwar dabbobi. Balki ta koma ta zauna kan tabarma, tana jin rugugin katafila tun safe har la'asar, motar na ja da baya tana dawowa.

Ran da ta fita takaba, ba ta tsaya cin abincin sadaka ba. Hanatu ta raka ta meri a kabu-kabu. Meri suka ce aikin ba nasu ba ne, na ofishin wuta ne. Ofishin wuta suka ce su wuta kawai suka sani, ƙasa ta meri ce. Hanatu na yi musu Faransanci, Balki na tsaye tana kallon bakinsu. Suka je, suka koma, har mai gadin meri ya fara gaishe su da suna. Daga ƙarshe wani ya tura su wajen mai kula da aikin, wani saurayi Abdurazak, can cikin filin.

Shi ya saurari Balki har ta gama. Ya cire hular kwanonsa.

"Inna, ba mu sani ba, wallahi. Ba wanda ya faɗa muna akwai kushewa. Ki kawo waɗanda suka rufe shi. In sun nuna wurin, sai in bar shi, in sa a kewaye. Amma kafin a kafa ƙarafa, in an kafa ba ni da iko."

Washegari suka hallara: Ciɗo, da Malam Sani liman, da mai unguwa. Balki ta bi su, Hanatu na gefenta. Wannan ne karo na farko da ta taka filin da aka sa mijinta. An baje shi ɗai, ba tudu ba kwari, ko'ina jan tsakuwa.

Ciɗo ya yi gaba da sauri, ya tsaya, ya buga ƙafa.

"Nan ne. Ranar ina tsaye nan ga, tsohon tankin ruwan soja na bayana."

"Tankin da aka tumɓuke?" in ji Balki.

"Na san inda yake."

Malam Sani bai tsaya nan ba. Ya ci gaba da tafiya har ya yi nisan jifa, sannan ya juyo.

"Ciɗo, kai kuka kake ranar, ba ka ga komi ba. Ga wurin. Da akwai aduwa a nan, a inuwarta muka aje makara."

"Malam, aduwar tana can gaba. Ni na yi haƙa, hannuna har ya fashe."

"Ka yi haƙa, ni na nuna inda za a haƙa."

Balki ta dubi Ciɗo. Da can abokin wasanta ne, yakan shigo yana kiranta matarsa, ya ce ta ba shi fura. Yau ba wasa a bakinta.

"Gero ka sani. Da ramin shukarka ne, da ido rufe ka nuna shi."

"Matar yaya, kar ki ɗora mini. Ni na ce a kwashe duwatsu?"

"Kai ka ce a sa su."

Abdurazak ya dubi wannan ya dubi wancan, sannan ya juyo ga Balki.

"Inna, ke mi kika gani?"

"Ni? Ni aka tsayar bakin zaure. Bayansu na gani."

Hanatu ta ce ta hango su ranar ta kan katangarta, amma mutane ne tsaye cikin rana, ba ta iya rantsewa.

Balki ta ce to a bar wuraren biyu. Abdurazak ya ce ba zai yiwu ba, layukan fano a aune suke, abin da zai iya bari bai wuce faɗin ɗaki ɗaya ba. Ta ce a tona a duba. Malam Sani ya yi a'uziyya, ya ce ba a tone mamaci don neman alama. Ciɗo ya ce shi ba ya janyewa, liman ya ce shi ma da girmansa ba ya ƙarya. Rana ta take, direban katafila ya kashe inji yana jira.

Mai unguwa ne ya kawo sulhu. Ya taka daga wurin Ciɗo zuwa wurin liman, ya dawo rabi, ya dasa sandarsa.

"A kewaye nan, tsakiya. Ba a ƙaryata Malam ba, ba a ƙaryata Ciɗo ba."

Sai fuskokin maza suka saki. Abdurazak ya ce wurin ma ya fi yi masa sauƙi, don ya faɗo tsakanin layi biyu.

"Amma ba wanda ya ce yana nan," in ji Balki. "Ciɗo ya ce can. Malam ya ce can. Nan ɗin ne kaɗai kowa ya san ba ya ciki."

"Balki," in ji liman a hankali, "ƙasa duk ta Allah ce. Addu'a na iske shi ko ina yake."

"Na sani, Malam. Ba addu'a ce ta ɓace mini ba."

Liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, direba ya tada inji.

Wuta ta zo bayan kaka. Gaskiya ba ta ɗaukewa. Mai niƙa ya buɗe, Hanatu ta sayi firji tana ƙulla ƙanƙara, yara na karatu ƙarƙashin fitilar titi. Ciɗo ya zo ya yaye bargon da ke kan injin yayansa. Aikin farko da ya yi da shi ƙofar ƙarfe ce, mai kyau, ya shafa mata koren fenti, ya kai ya kafa a ɗan shingen tsakiya. Ya kawo wa Balki makulli, yana tsaye yana jiran ta ce wani abu. Ta karɓa ta rataya a ƙusa.

Ranar Juma'a takan fita da hantsi. Takan wuce koriyar ƙofar ba ta taɓa ta ba, ta je ta kama wayar da ta kewaye fano. Ta fuskanci layin da Ciɗo ya buga ƙafa, ta yi addu'a. Ta matsa gaba, ta fuskanci layin liman, ta sake yin wata. Mai gadin wurin baƙo ne, daga kudu aka kawo shi. Wata rana ya ce mata:

"Inna, kabarin ai ga shi can baya, kin wuce shi."

"Na gan shi," ta ce, ba ta saki wayar ba.