Famfo Na Bakwai

Mai wanki ne ya fara ganewa, domin farin kaya ba ya rufa wa ruwa asiri. Shekara talatin da wani abu Baba Mai Guga yana wanke wa mutanen garin kaya a tsakar gidansa, can ƙarshen layi inda ƙasa ta gangara, kuma bai taɓa mayar wa mutum farar riga da launin shayin da aka yi wa rowar ganye ba sai bana. Ya canja sabulu. Ya ƙara bula. Ya zargi baho, ya zargi igiyar shanya, har idonsa ma sai da ya zarga. Daga ƙarshe ya yanki ƙyallen farin yadi ya ɗaure a bakin famfo. Talata da Asabar ake kawo ruwa. Kafin azahar ƙyallen ya koma kamar an goge takalmi da shi.

Da a kan kaya abin ya tsaya, da ya haƙura. Amma akwai matarsa. Wata uku ke nan cikinta bai zauna ba. Ta sha magani ta samu sauƙin kwana biyu, abin ya dawo. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya yanzu sai ta zagaya shi ta ƙara. Likita ya tambaye ta wane ruwa take sha, ta ce na famfo, ya gyaɗa kai ya rubuta wani maganin. Ita kuwa cewa take yi tsufa ne.

"Tsufa ba ya tayar da mutum sau shida kafin rana ta yi tsaka," in ji Baba.

"Kai ka ƙirga? To sannu da aiki."

A ƙofar ofishin ruwa akwai allo, a jikin allon akwai takarda, duk wata ake sake ta. Baba ya je ya sa tabarau ya karanta ta tsaf. An jera famfuna goma sha biyu, kowanne da lambarsa da layinsa. Layinsu shi ne na bakwai. A gabansa an rubuta cewa an gwada, ruwan lafiya lau yake. A ƙasan takardar kuma ga sa hannun da ya sani, domin mai shi surukinsa ne, mijin 'yarsa ta fari. Mutanen layi suna ce masa Injiniya, ko da yake aikinsa bai wuce yawo a babur da kula cike da kwalabe ba, yana ɗiban ruwa yana kai wa ɗakin gwaji.

Tun daga ranar Baba ya fara sa masa ido.

Injiniya mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa a rasa ta inda za a kama mutum. Duk Juma'a da yamma yakan zo gaisuwa, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa. Mama, matar Baba, ta kawo masa ruwa a kofin silba. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai baki, ya ce alhamdulillahi, ya ajiye. Baba yana daga bakin teburin guga yana hura gawayi, yana kallon maƙogwaron yaron. Maƙogwaron bai motsa ba. Bayan ya tafi Baba ya ɗaga kofin. Cike yake kamar yadda aka kawo shi.

Juma'a ta biyu haka. Ta uku ya ce azumi yake yi.

Sai kuma jikar Baba, 'yar Injiniya mai shekara biyar, wadda ake ajiyewa a gidan in uwarta ta tafi aiki. Kullum da gorar ruwanta a rataye a wuya.

"Amarya, zo ki sam mini ruwan nan naki," in ji Baba wata rana. "Ko mijin naki ba ya cikin rabo?"

"Ni ba na son tsoho mai warin gawayi."

"To ki sha na randa ki bar mini wannan."

"Abba ya ce kar in sha na gidanku. Ya ce ko an ba ni in ce na ƙoshi."

Ta faɗa ta ci gaba da wasa da maƙalan shanya. Baba ya tsaya da dutsen guga a hannu har sai da ya ji ƙauri. Wuyan rigar wani malamin makaranta ne ya tafi.

Bai ce wa matarsa komai ba. Ranar Talata ya bar jiƙo a baho, ya hau layi da sandarsa, ya zauna a bencin mai gyaran rediyo kamar ya zo hira. Wajen ƙarfe goma sai ga babur. Injiniya bai gangara layin ba. A nan sama ya tsaya, a famfon da ke jikin katangar makaranta, wanda aka rubuta wa lamba bakwai da jan fenti. Ya sa safar hannu. Ya goge bakin famfon da auduga. Ya buɗe shi ya bar ruwa yana zuba, yana duba agogo, har minti biyar. Sannan ya tara kwalba, ya rufe, ya rubuta, ya sa a kula. Ruwan garau, ko a ido za a iya ɗiga shi.

Baba ya jira babur ɗin ya ɓace, sannan ya bi bututun da ƙafa. Bai taɓa kula da hanyarsa ba, kamar yadda mutum ba ya kula da hanyar jijiyarsa sai ta fara ciwo. Daga katangar makaranta bututun yana bin gefen hanya a sarari. A wajen mahauta sai ya nutse cikin kwata, ya yi tafiyar gida huɗu a cikin baƙin ruwa kafin ya fito. A wani wuri an naɗe shi da robar taya. Yanzu da akwai ruwa a ciki, ƙananan kumfa na tasowa daga wurin. Baba ya tsaya yana kallon kumfan. Ya san roba da ruwa. Abin da ke fitar da ruwa in an kawo, shi zai tsotsi na kwata in an ɗauke.

Ya dawo gida ya tarar da matarsa kwance a tabarma, ga kofi a gefenta.

Mutum ba ya tare surukinsa a titi ya ce masa maƙaryaci. Akwai kunya, akwai 'yarsa, akwai kuma bakin mutanen layi da ba ya gajiya. Saboda haka Baba ya aika a ce wa Injiniya ya biyo ranar Asabar da safe kafin ya fara zagaye, Mama na son ganinsa.

Ya zo da kularsa a bayan babur. Ya durƙusa ya gaishe su. Famfo ya fara tari ke nan, yana tofar da iska da ruwan farko. Baba bai bar matarsa ta tashi ba. Da kansa ya ɗauki kofin gilashi, wanda ake ajiye wa manyan baƙi, ya kwance ƙyallen bakin famfon, ya tara. Ya kawo ya miƙa.

"Baba, ai da kun bari, ni da zan ɗebo da kaina."

"Ba komai. Sha."

Injiniya ya karɓa da hannu biyu. A cikin gilashi ruwan ba shi da inda zai ɓuya. Wani abu kamar gari yana juyawa a ciki a hankali. Ya kai baki, ya ce alhamdulillahi, zai ajiye.

"Ban ga ya ragu ba," in ji Baba. Ya jawo kujera ya zauna a gabansa. "Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Ko wani azumin aka ƙaro da ban ji ba?"

"Baban yara, mene ne haka?" in ji Mama daga tabarma. "Ka tsare yaro kamar ɗan sanda."

"Ruwa na ba shi. Ruwan da ya sa wa hannu. Na karanta, lamba bakwai, lafiya lau. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na iya karanta lafiya lau."

Injiniya ya dubi kofin, ya dubi ƙasa.

"Lafiya lau yake a inda muke ɗiba, Baba."

"A inda kuke ɗiba."

"Nan aka rubuta mana. Tun kafin a ɗauke ni aiki jerin yake. Lokacin da aka yi shi, layin nan a makaranta ya ƙare, duk gidajen nan na ƙasa daga baya aka ja musu. Sau uku ina rubutawa a sauko da wurin ɗiban. Shugabanmu ya ce jeri jeri ne, in aka taɓa ɗaya sai an taɓa duka."

"Ita kuma wannan," Baba ya nuna matarsa da haɓa, "a wace lamba take a jerin?"

Famfon ya ci gaba da zuba a baho.

"Ka hana 'yarka sha. Ka kyauta, uba ke nan. Uwar matarka fa? Wata uku kana zuwa kana durƙusa mata, kana ce mata ya jiki."

"Na faɗa, Baba."

"Wa ka faɗa wa?"

"Ku." Muryarsa ta yi ƙasa. "Farkon abin. Na ce da za a riƙa tafasa ruwan sha. Kuka ce shekara talatin kuna sha ba ku mutu ba, kuka ce in gidanku ya yi mini ƙazanta in faɗa a fili. Daga nan ban ƙara iya buɗe baki ba. Na sa 'yarku ta gaya wa Mama."

"Ta gaya mini," in ji Mama. "Na ɗauka iyayin 'yan boko ne. Ita da ko tumatir sai ta wanke da gishiri."

Baba ya tuna ranar. Ya tuna har rigar da yake gogewa, da daɗin da ya ji da amsar ta fito masa daidai. Bai ji daɗin tunawar ba, kuma bai ga dalilin da zai sa hakan ya wanke kowa ba.

"Da za a riƙa," ya maimaita. "Haka ake gaya wa mutum akwai kwata a cikin kofinsa? Da za a riƙa? In na ƙona wa mutum riga, ba na ce masa da za a riƙa sa babbar riga a kai. Cewa nake yi na ƙona."

Injiniya ya ajiye kofin a hankali. Ya tashi ya fita zaure. Baba ya ɗauka tafiya zai yi, har ya fara shirya abin da zai gaya wa 'yarsa. Sai ga shi ya dawo da kwalba ɗaya da alƙalami. Bai goge bakin famfon ba, bai duba agogo ba. Ya tara ya cika ta, ya rufe. Ya daɗe yana kallon farar takardar da ke jikin kwalbar. Sannan ya rubuta bakwai.

"In suka tambaya, zan ce a layin na ɗiba. Ba ƙarya na yi ba."

"Kawo nan."

Baba ya shiga ɗaki ya fito da tawadar da yake yi wa kayan mutane alama, wadda ko bilic ba ya fitar da ita. A gindin kwalbar ya ɗiga ɗigo uku ya ja layi a ƙasa, alamar kayan gidansa.

"Baba, ba ku yarda da ni ba ke nan."

"Kwalabenka duk kamarsu ɗaya. Ni kuma ban taɓa ba wani rigar wani ba." Ya ɗauki hularsa. "Akwai wuri a bayan babur ɗin?"

Tare suka je. Baba ya zauna a bencin ɗakin gwaji har ya ga wata mata mai farar riga ta ɗaga kwalbar sama, ta dube ta a haske, ta dubi Injiniya. Rigar tata ma, ya lura, ba a layinsu ake wanke ta ba.

Ƙarshen watan ba a liƙa takarda a allo ba. An ce injin buga takarda ne ya lalace. Bayan kwana tara wasu mutum huɗu suka zo da diga suka fasa gefen kwatar mahauta, suka ɗaga bututun a kan duwatsu, suka tafi suka bar ramin a buɗe. Ba wanda ya zo ya yi wa kowa bayani.

A gidan kuwa tukunya ba ta sauka daga wuta. Mama tana ƙorafin ruwan dafaffe ba shi da ɗanɗano, tana sha. A mako na biyu ta nemi a ƙara mata abinci, a na uku ta fara yi wa Baba faɗa a kan gawayin da yake zubarwa a ƙofar ɗaki, ya gane ta warke.

Ran Juma'a Injiniya ya zo gaisuwa. Mama ta kawo masa ruwa daga tukunyar, ya shanye tas, har ya ɗaga kofin sama yadda za a gani.

"An gyara, Baba," ya ce. "Yanzu ko na famfon ma lafiya lau."

"Haka aka rubuta?"

"Za a rubuta."

Baba ya ce to, madalla. Da yaron ya tafi, ya yanki sabon ƙyalle fari, ya ɗaure a bakin famfon, ya ƙulle shi sau biyu.