Rijiya Mai Asali

Malam Sama'ilu, manomi a wani ƙauye kusa da Minjibir, mutum ne da ko kaza zai saya sai ya tambayi uwarta. In za a yi aure a unguwa shi ake turawa binciken asali, kuma ba ya dawowa sai ya tono kakan kakan ango. Abin alfaharinsa a duniya rijiyar gidansa ce, wadda kakansa ya haƙa. Baƙo ko ba ya jin ƙishi sai ya sha ruwanta, a kuma tsaya a kansa har ya yaba.

Da damina ta kankama sai gudawa ta shiga gidan. Ta kayar da matarsa Hure, ta kayar da jikarsa Ikilima, har sai da aka ba yarinyar gado a asibiti. Nazira, 'yar ƙaninsa mai karatun ƙwayoyin cuta a jami'a, ta zo ta ɗebi ruwan rijiyar a kwalba. Ta ɗebi na maƙwabcinsa Dogo, ta ɗan tsinci wasu abubuwa a tsakar gida, ta koma Kano. Sama'ilu bai hana ba, don ya tabbata yabo za a kawo masa.

Da ta dawo ta durƙusa ta ce, "Baba, akwai ƙwayoyin cuta a rijiyoyin biyu, kuma dangi ɗaya ne. Sai dai na Baba Dogo ba su da dafi. Naka ne ke ɗauke da wata ƙwayar halitta mai sa su zuba dafi a cikin mutum."

"Dangi ɗaya, wani mugu wani salihi? Zancen banza! Mugun hali gadonsa ake yi. Su wane ne iyayensu?"

Nazira ta danne dariya. "Su ba lallai sai sun gada ba. Sukan samu daga wasu ƙwayoyin da suka cuɗanya da su."

Zo ka ga murna wurin Sama'ilu! Nan take ya tuna Dogo ya ari gugansa bara. Ya miƙe yana laluben takalmi, yana cewa dama mutumin da ba a san garin kakarsa ba me za a jira daga gare shi.

"Baba, zauna. Irin masu dafin nan mun same su a kashin sanka."

Sama'ilu ya waiwaya a hankali. Ga san kiwonsa can ɗaure a bakin rijiya, yana tuƙa hankali kwance. Shi da kansa ya kafa masa turke a wurin, wai kada dabba mai daraja ta sha ruwan da bai kai ta ba. Ruwan sama kuma ya yi ta wanke kashin yana zurarawa ciki. Kunya ta rufe shi, ya rasa wanda zai zaga.

Ana haka Ikilima, wadda aka sallamo daga asibiti, ta fito tana dafa bango, duk ta rame, ta ce, "Kaka, ruwa."

Hannunsa ya kai kan guga kafin ya ankara. Ya tsaya. Sai ya saki igiyar, ya jawo tsohon kwanon rufi ya rufe bakin rijiyar, ya danne da dutse. Ya ɗauki bokiti ya nufi famfon burtsatse na bakin kasuwa, ya shiga layi a bayan mata.

Kallo ya koma kansa. Dogo da ke wucewa ya taka birkin kekensa ya ce, "Malam Sama'ilu, kai ne a nan? Lafiya?"

Bai ɗago kai ba ya ce, "Ikilima ce ke jin ƙishi."