Madam Tregear da Awartakin Murhu

Saura minti arba'in jirgin ƙasa ya tashi da Alƙali Quill, ga shi duk faɗin garin Tolliver an rasa karta.

Ni ne magatakardan gari, don haka a kaina abin ya faɗo. Sau uku muka ƙirga ƙuri'un zaɓen 1931. Kujerun kansiloli huɗu sun tafi salin-alin, amma ta magajin gari ta yi kunnen doki. Ɗari biyu da sha biyu ga Lyman Pardee mai aski, wanda ya shekara takwas a kan kujerar, ɗari biyu da sha biyu ga Madam Orpha Tregear, shugabar zumuntar matan coci. Dokar garinmu ta ce in an yi haka, a baza karta a gaban alƙali, kowa ya zari ɗaya da kansa, mai babba ya ci. In kuwa alƙali ya tafi ba a raba gardama ba, na kan kujera ya ci gaba da zamansa.

A watan da ya wuce Madam Tregear da matanta suka bi gari gida-gida, suka tattara duk wata karta suka cinna mata wuta a ƙofar coci. Da wannan wutar ta yi yaƙin neman zaɓe.

"Magatakarda, daina zufa," in ji Lyman, ya miƙe ƙafa a kan benci. "Madam ta wanke mana gari tas. Ni dai ba sauri nake ba."

"Ai ka saba zama, Lyman," in ji ta. "Shekara takwas ban ga ka yi wani aikin ba."

Na leƙa otal, na leƙa ɗakin kwanan masu haƙar azurfa. Kowa sai ya ɗaga kafaɗa. Matan zumunta sun jeru a bangon zauren taro, kowacce da idonta a kan mijinta, wa zai ce yana da ita? Alƙali ya ciro agogon aljihu ya ajiye a tebur, ya jawo jakarsa kusa da ƙafarsa.

Can sai Denzil Tregear, mijin Madam, wani siririn mai gyaran agogo da ba a cika jin muryarsa ba, ya tashi daga bencin baya. Ya cire hularsa, ya zura yatsu cikin shafinta, ya fito da ƙullin karta da ta sha hannu har ta yi laushi.

"Denzil."

"Na'am, uwargida."

"Mene ne wannan?"

"Hular ce ta yi mini yawa, shi ne na cike ta."

"Kowace Alhamis kansa ke ƙanƙancewa," in ji Lyman, "a bayan shagona."

Maza suka ƙunshe dariya. Madam ba ta ko kalli mijin ba, abin da ya fi kallon muni. Alƙali ya ƙirga kartar, ya gauraya, ya baza ta a kife.

"Madam, bisimilla."

Ba ta motsa ba. A gaban wutar nan ta rantse, gari na ji, cewa hannunta ba zai taɓa karta ba har ta koma ga Ubangiji. Mata ashirin da suka ji rantsuwar ga su tsaye a bayanta.

"Ranka ya daɗe, mijina ya zarar mini, tunda ashe gwani ne."

"Doka ta ce ɗan takara da kansa. In kin ƙi, kin janye."

"Janyewa ba abin kunya ba ce, Madam," in ji Lyman. "Zan ba ki kwamitin shuka furanni."

Ta dubi matan, ta dubi agogon alƙali. Sai ta taka zuwa murhun da ke ɗumama zauren, ta ɗauko awartakin da muke juya gawayi da shi.

"Doka ta ce da hannu?"

Alƙali ya buɗe littafinsa, ya bi layi da yatsa. "Ba ta ce ba."

Ta riƙe awartakin da hannu biyu, ta soma bin kartar daga hagu a hankali. Da ta zo kan wata mai ɗan lanƙwasa a kusurwa, sai Denzil ya yi tari. Sau biyu, gajeru.

Awartakin ya tsaya cak. Shekara ashirin da shida tana jin tarin mutumin nan, ta san na mura, ta san na ƙarya. Lyman ma ya ji, na ga kunnensa ya motsa. Kowa a zauren ya gane cewa mai karta ya san kayansa, alama yake ba ta ta ɗauki wannan.

"Ban ƙone kartar mutane don in ci da maguɗi ba," in ji ta, ta tsallake waccan, ta cafko wata can nesa ta juyo ta. Bakin awartakin da sauran zafi, har gefen kartar ya yi baƙi.

Huɗu ce. Wata daga cikin matan ta dafe ƙirji.

Lyman ya tashi yana gyara gashin baki. "Allah ya saka wa masu gaskiya. Ni kuwa mai zunubi ne, abin da aka raina shi nake ɗauka." Bai ko yi shawara ba, ya zari mai lanƙwasar nan ya buga a tebur.

Uku.

Zauren ya ɓarke da hayaniya. Lyman ya juya ya zuba wa abokin cacarsa ido.

"Denzil, kai da Allah, tarin me ka yi?"

"Hayaƙin murhu ne ya sarƙe ni."

"Shekara tara muna zama tebur ɗaya."

"To ai ka san ƙirjina ba ƙwari."

Alƙali ya rattaba hannu a tsaye, ya rantsar da ita cikin numfashi ɗaya, ya suri jaka ya bi kukan jirgi. Matan suka kewaye ta suna waƙar yabo. Ta ratsa su ta tsaya gaban mijinta.

"Na gode ko ban gode ba, sai mun je gida na yanke. Kawo hular."

Yana miƙa mata ke nan aka ji ƙugin mota a waje. Doguwar mota baƙa ta tsaya a ƙofar zauren, manyan motoci biyu lulluɓe da tamfol a bayanta. Wani mutum da ba mu taɓa gani ba ya shigo cikin farar kwat, yana kakkaɓe ƙurar hanya da safar hannunsa.

"Barkanku da taro. Ni ne na sayi tsohon otal ɗin bakin tasha. Na zo da teburan caca goma sha biyu da takardar izini daga babban birnin jiha, sa hannu ɗaya ya rage." Ya yi murmushi, ya bi mazan zauren da kallo ɗaya bayan ɗaya. "A cikinku wane ne magajin gari?"

Lyman ya koma kan benci, ya sake miƙe ƙafa, ya nuna masa ita da haɓa.